Software Manager ya ƙi buɗewa a Linux Mint

Ɗan'uwa, ka ce ka saka Linux Mint sabo fil amma Software Manager, wato wurin saka manhajoji, ya ƙi buɗewa. Don Allah kada ka yi gaggawar goge kwamfutar. A buɗewar farko yakan tsaya sauke jerin manhajoji, har da na Flathub, rumbun manhajojin Linux a intanet, in intanet na jan ƙafa sai ka ga kamar ya mutu.

Duba agogon kwamfutar tukuna, kwanan wata in ya kauce yakan hana apt, mai sauke manhajoji da sabunta su, aiki. Sannan danna Ctrl+Alt+T don buɗe terminal, wurin rubuta umarni, rubuta sudo apt update, sai sudo apt upgrade. In har yanzu shiru, goge folda ~/.cache/mintinstall, ka rubuta mintinstall a terminal don buɗe Software Manager. Duk saƙon da ya fito, kwafo mana shi mu duba tare.