Layi da faɗa a tagar karɓar magani

Tambaya: Hajiya, barka da aiki. Ban daɗe da fara aiki a sashen ba da magani na wani asibiti a nan Sakkwato ba. Kullum layi har waje, kullum faɗa a taga, ana cewa muna wulaƙanta marasa lafiya. Shugabanmu ya ce kowa ya kawo shawara, ni kuwa kwamfuta kawai ta zo mini a rai. Me kike gani? Ɗiyarki daga Mabera.

Amsa: Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka da abin ya dame ki. Ajiye zancen kwamfuta tukuna. Gobe ki cire farar riga, ki zauna kan bencin masu jira tun safe har azahar. Akwai hanyar tsara aiki da ake koyarwa a Jami'ar Stanford ta Amurka, kuma da wannan take farawa: ki ga abin da mai jira yake gani, ki gwada gyara mai arha, ki duba ko ya yi.

Ni na yi zaman nan a wani watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40. Wani dattijo daga Wurno ya bi layin biyan kuɗi, ya dawo namu na karɓar magani, aka ce masa maganin ya ƙare. Bai ce uffan ba, ya tsaya yana kallon rasit ɗin hannunsa. Har yau ina ganin fuskarsa. Washegari muka ajiye mutum ɗaya da tebur a bakin ƙofa, yana duba takarda ya faɗi abin da muke da shi kafin a biya. Faɗan taga ya ragu.

Ambulan ɗin magani ya fi tayar mini da hankali. Mukan rubuta 1x3, wato ƙwaya ɗaya sau uku a rana, mu miƙa, ashe wata baiwar Allah ukun take haɗiyewa lokaci guda. Muka gwada zanen rana da wata, sai wasu suka ɗauka wata guda za su yi suna sha, dole muka bar shi. Muka koma ga lokutan da kowa ya sani: bayan asuba, bayan azahar, sai ƙarfe 10 na dare, kusan awa 8 ke nan tsakani. Mai karanta ajami a rubuta masa da ajami. Kada ki tambayi tsohuwa ko ta gane, kunya za ta sa ta ce e. Ki ce, "Inna, maimaita mini yadda za ki sha."

Ki kuma lura da matar da aka rubuta wa maganin sanyin mata, ga maza tsaye a bayanta. Ba za ta tambayi komai ba. Mu labule da kujera ɗaya muka sa a gefe, suka fara magana.

Bayan mako biyu ki rubuto mini abin da kika gani daga kan bencin.