Aiki a gida ya cinye ka ga kuma tarar haraji: ni ma na taka wannan sawun

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana yi wa Turawa aikin zane daga gida, tun safe har ɗayan dare kana kan kwamfuta, baya ya riƙe, yanzu kuma ga takarda daga masu haraji an ci ka tara saboda ba ka shigar da bayanan kuɗin shigarka na shekara ba, kana tambaya ko akwai hanyar da za su yafe. Wlh kamar labarina kake bayarwa, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta maka da tsawo.

Ka raba tambayar gida biyu amma ni a wajena abu ɗaya ne. Aikin da ya hana ka barci shi ne ya hana ka zama kan takardunka. Ni a 2021 na yi wa ƙaramin kamfanina rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, don wani kwastoma ya ce sai da sunan kamfani zai biya, daga nan na jefa satifiket a durowa na manta. Na ji ana cewa kamfanin da cinikinsa bai kai miliyan 25 a shekara ba ba ya biyan haraji, haka ne kuwa a dokar lokacin, sai dai abin da ban tsaya na karanta ba shi ne ko sisi ba za ka biya ba dole ka shigar da bayanai. Tarar lokacin dubu 25 ce watan farko, sai dubu 5 duk watan da ya biyo baya, tana ta taruwa ni ina can ina murna alat na shigowa. Sai da na je neman takardar shaidar biyan haraji don wata kwangila aka juyo min da fuskar kwamfuta na ga jimilla. Laifina ne ba na kowa ba.

Yanzu kuma abin ya fi zafi. Dokokin da Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 sun fara aiki Janairun 2026, rashin shigar da bayanai dubu 100 ne watan farko, dubu 50 kowane wata bayansa. Don haka kafin ma ka fara maganar yafiya, je ka shigar da duk shekarun da ake binka, tarar ta daina hayayyafa. Ka kuma duba wa ya aiko takardar: in da sunanka kake aiki hukumar haraji ta jiharka ce, su wa'adinsu 31 ga Maris ne duk shekara, in kamfani ne to hukumar haraji ta tarayya ce, NRS, wato FIRS ta da. Kuma kar wani ya ruɗe ka cewa dala ce daga waje ba ruwansu, muddin a Najeriya kake zaune lissafinka ne. Ga mai aiki da sunansa, naira dubu 800 ta farko a shekara ce dai ba haraji a kanta.

In kana ganin lissafin da suka yi maka ba daidai ba ne, kwana 30 gare ka ka rubuta ƙorafi daga ranar da takardar ta iso, in ka bari ya wuce an rufe maganar. In kuwa daidai ne to roƙo ne ya rage, kuma roƙo da ladabinsa. Abin da na yi, na fara biyan abin da babu gardama a kansa na riƙe rasit, sannan wani akanta ya taya ni rubuta wasiƙa shafi ɗaya tak: ga abin da ya faru, ga ranar da na gyara, ga rasit, ina neman a yafe tara ko a rage, abin da ya saura a bar ni in biya kashi-kashi. Na kai kofi biyu aka buga wa nawa hatimi na dawo da shi gida. Na yi sintiri kam, ba duka aka yafe ba amma an rage sosai. Kar ka ba kowa kuɗi a hannu da sunan zai share maka, babu rasit babu biya. Sannan ka kasa kunne don wani lokaci su da kansu suke buɗe ƙofa, kamar shirin VAIDS na 2017 na yafe tara ga wanda ya fito da kansa ya biya, da kuma Disamban 2023 da FIRS ta ce duk wanda ya biya uwar kuɗin kafin ƙarshen wata an yafe masa tara da kuɗin ruwa. Amma dai kar ka zauna jiran irinta.

Maganar gajiya kuwa, matsalarmu agogo ne. Tara na safe a New York biyu ko uku na rana ne a nan, lokacin da za su tashi mu goma ko sha ɗayan dare, kai kuma ka riga ka fara tun bayan Asuba don NEPA ta kawo wuta kana tsoron a ɗauke. Aikin mutum biyu kenan. Ga 'yan gida da suke ganin tunda kana ɗaki ai zaman banza kake, je ka cefane, je ka ɗauko yara. Ni ranar da na farka ita ce ranar da 'yata ta zo da littafinta na Islamiyya ta tsaya bakin ƙofa, na ce minti biyar, da na ɗago ta yi barci a kan tabarma littafin a buɗe.

Na zaɓi rabi ɗaya na yini, Azahar zuwa Isha'i, na rubuta wa duk kwastomomina. Mutum ɗaya ne ya tafi, shi ma dama mai taurin biya ne. Na sayi ƙaramin inbata da batir don wuta ta daina tsara min barci, na yi wa aiki layin waya daban da nake kashewa in sa a durowa, na ƙara farashi na rage yawan aikin da nake karɓa. Safiyar Juma'a kuma ta takardu ce, ba zane ba saƙo, in rubuta abin da ya shigo in cire kason haraji in tura wani asusu da ba shi da katin ATM.

Gobe da safe ka fara duba kwanan watan da ke kan takardar nan ka ƙirga kwanaki nawa suka rage cikin 30 ɗin, in sun kusa ƙarewa ajiye zanen ka tafi ofishinsu. Allah Ya yassare.