Tambaya da Amsa: Oga ya sa sunana a tim ɗin kurket na ofis

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Wajen aikinmu suna da tim na kurket da suke bugawa da yamma bayan an tashi, sai wani ya bar aiki kawai oga ya rubuta sunana wai ina da tsayi, ni kuma ƙwallon ƙafa na sani ban taɓa riƙe sandar nan ba. Tsorona kar ƙwallon ta ji min ciwo, kar kuma in sha kunya gaban abokan aiki. In je ko in nemi uzuri?

AMSA: Ka je ɗan'uwa, bar maganar uzuri. Tim ɗin kurket mutum 11 ne, kuma babban ciwon kan kaftin na tim ɗin ofis shi ne ya cika 11 ɗin nan, kullum sai an samu wanda mitin ya riƙe ko go-sulo ta tare shi. In ka iso fili a kan lokaci da kayanka ka riga ka yi masa rabin aikin da yake nema.

Wasan yamma gajere ne, yawanci oba 20 kowane ɓangare irin na T20 da ƙwararru suka fara a Ingila a 2003, oba ɗaya kuwa jifa 6 ce, in an ga rana za ta faɗi kaftin biyun su kan yarda a rage. To sabon shiga can ƙasan layi ake sa shi wajen duka, wato buga ƙwallon da sanda, wataƙila ma a gama wasan layi bai zo kanka ba. Inda za a ganka shi ne tsaron fili, nan ka sa ƙarfinka. Ƙwallon da ta gangaro a ƙasa kar ka tare ta da ƙafa kamar yadda ka saba, ka durƙusa da gwiwa ɗaya ka sa jikinka a bayanta yadda ko ta kuɓuce wa hannu ba za ta wuce ba, don in ta kai layin iyaka maki 4 ne ga masu duka, in ta tsallake a sama 6. Cafewa kuma da hannu biyu, ka ja hannun zuwa ƙirji lokacin da ta sauka, kar ka nuna mata kan yatsu, ta nan ake samun targaɗe.

Tsoron ciwon nan kana da gaskiya. Ƙwallon fata ce da ɓawon itace a ciki, nauyinta wajen giram 160, kuma tsakanin sandunan da ake kafawa a gefen mai jifa da na gefen mai duka yadi 22 ne kacal. Phillip Hughes, ƙwararren ɗan wasan Ostiraliya, ya rasu a 2014 bayan ƙwallo ta same shi a wuya a Sidni. Masu jifan ofis ba su da gudun jifar ƙwararru, amma duk da haka kar ka shiga duka ba hular kwano, safar hannu da kariyar ƙwauri, sai kariyar gaba wacce ita ka sayi taka, ba abin aro ba ce. Kuma in duhu ya fara ka ji ba ka ganin jar ƙwallo ka faɗa wa alƙali kai tsaye.

In layin duka ya zo kanka kar ka ce sai ka kai ta sama, ka riƙe sandar a miƙe ka tura ƙwallon inda ba kowa kai da abokin dukanka da ke ɗaya gefen ku yi gudu ɗaya ku canza wuri, wanda ya iya ya karɓi duka. Abin da ke haɗa faɗa a ofis washegari shi ne gudun nan, mutum ya fita da gudu abokinsa yana tsaye a fitar da ɗayansu a banza, don haka ka ɗaga murya, eh ko a'a ko dakata, ko da ogan ne a ɗaya gefen. Jifa kuwa ka bari sai ka yi atisaye tukuna, don ba a yarda ka lanƙwasa gwiwar hannu ka miƙe ta kamar mai jifan dutse ba, kuma duk jifar da ta yi nisa da mai duka maki ɗaya ne kyauta gare su sannan ka sake ta. Tsayin da oga ya gani a nan zai yi amfani, ƙwallon dogo ta fi tashi in ta bugi ƙasa.