Likita, tun da ɗanta ya rasu Mama ta daina shan magani

Tambaya: Likita, yau wata biyar da rasuwar mijina. 'Yan'uwana sun matsa in koma gida, amma na kasa barin uwar mijina, don shi kaɗai ta haifa. Tana da hawan jini, ta ajiye magani, tuwo ma loma biyu take yi ta ture kwanon. Makon jiya ta dafe ƙirji tana haki. Yaya zan yi? Daga wata 'yar'uwa a Kafanchan.

Amsa: Sannu da haƙuri, 'yar'uwa, Ubangiji ya ta'azantar da ku. Batun ƙirjin nan ba na jira ba ne, ki kai Mama asibiti yau, a auna jininta, a yi mata gwajin zuciya na ECG. Baƙin ciki mai tsanani yana iya raunana tsokar zuciya farat ɗaya, har ya yi kama da bugun zuciya. Likitocin Japan ne suka fara bayyana ciwon a 1990, suka kira shi takotsubo, sunan wani tulun masunta, saboda siffar da zuciyar ke ɗauka. Ya fi kama matan da suka daina al'ada, kuma yawanci yakan warke cikin makonni. Amma ga mai hawan jini da ta bar magani, na fi jin tsoron shanyewar ɓarin jiki.

Kada ki tsaya yi mata wa'azi a kan ƙwayar. Ki ajiye ta kusa da kofin kununta na safe, ki zauna ku sha tare. Tsofaffi da yawa ba sa ci don kansu, sai don wanda ke zaune gabansu. Na san a coci za a kira ki Rut, wadda a Littafi Mai Tsarki ta ƙi barin uwar mijinta bayan ya rasu, kuma kin cancanta. Sai dai Rut ma fita take yi kala a gona, tana ganin mutane. Ke ma gwauruwa ce, naki makokin bai ƙare ba. Ki roƙi matan Zumunta na cocinku su riƙa karɓarki ko sau biyu a mako.

Tambaya: Matata ta rasu bara, bayan shekara 31 muna tare. Har yanzu nakan yi kuka da dare, wani dattijon ikilisiya ya ce rashin bangaskiya ne. Ina sayen maganin barci a kemis. Daga wani baba a Jos.

Amsa: Baba, a gafarce ni, dattijon ya yi kuskure. Yesu da kansa ya yi kuka a kan Li'azaru, yana kuwa sane zai tashe shi. Kukan bai dame ni ba, maganin ne ya dame ni. Idan diazepam ne, jiki yakan saba da shi cikin 'yan makonni, yana kuma sa masu shekaru jiri da faɗuwa. Kada ku yanke shi dare ɗaya, ku ga likita a rage muku a hankali.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa dogon jimami cikin cututtuka, idan ya wuce aƙalla wata 6 yana hana mutum harkokinsa. In kuna ci, kuna fita, kuna zuwa sujada, ban ga alamarsa ba. In kuwa tunanin bin matarku, wato kashe kanku, ya fara zuwa muku, ku gaya wa wani a ranar, ku je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH).