Ƙawa da masu ƙaurace wa nama

Tambaya: Malam, yaya za mu kira mutumin da ya bar cin nama da gangan domin kare muhalli? Na ji wasu na cewa "maci-ganye". Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: 'Yata, "maci-ganye" bai kwanta mini a rai ba, domin mutanen nan suna cin hatsi da wake da gyaɗa, da yawansu har madara suke sha. "Mai ƙaurace wa nama" ya fi dacewa. Hausa ba ta tanadi kalma guda ba, saboda Bahaushe ya fi sanin rashin nama a kan barinsa. Shi ya sa muke da "ƙawa", wato tsananin marmarin nama ga wanda ya daɗe bai sa shi a baki ba.

Hujjarsu fa tana da ƙarfi, kada a raina ta. A 2013 hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kiwo ne ke haddasa kashi 14.5 cikin 100 na iskar ɗumama duniya da ayyukan ɗan Adam ke fitarwa, kaso babba daga gyatsar shanu. A Brazil kuwa, akasarin dajin Amazon da aka sare ya zama makiyayar shanu.

Amma makiyayin da ke arewacin Tawa ko Agadas, a ƙasar da ruwan sama bai isa noma ba, me zai shuka in ya bar kiwo? Garkensa ne ke mayar da ciyawa nono da nama, kuma kashin shanu ne takin manomi bayan kaka. Ga kuma bitamin B12, wanda wake da zogale ba sa bayarwa, yara da masu ciki kuwa na buƙatarsa ƙwarai. A ganina wannan kira ya fi hawa kan wanda ke cin nama safe da yamma, ba gidan da sai Babbar Sallah ake kashe ƙawa ba.

Tambaya: "Mai nama shi ke neman wuta", gargaɗi ne a kan sare itatuwa? Daga wani malamin firamare a Maraɗi.

Amsa: A'a, Malam. Ma'anarsa mai buƙata shi ke tashi ya nema, ba ya zama a kawo masa. An zaɓi nama ne domin ɗanyensa ba ya jira: in mai shi ya yi nawa, ya lalace a hannunsa.