Wurin sanin makamar aiki ga ɗalibin kwamfuta: ina za a nema, me za a tarar

Ƙanena, ka ce kana shekara ta uku a kimiyyar kwamfuta, lokacin fita horon sanin makamar aiki ya matso, ka duba kewayenka ba ka ga wani kamfanin fasaha mai suna ba. Kana tambaya ko sai ka yi ƙaura zuwa babban birni, da kuma abin da ya kamata ka iya kafin ka tafi.

Inda kake dubawa ne ya yi kaɗan. Aikin kwamfuta ba a kamfanin rubuta manhaja kaɗai yake ba. Asibiti, banki, jami'a, kamfanin rarraba kaya, masu sayar da intanet, duk suna da wani ɗaki a baya mai saba (babbar kwamfutar da sauran ke dogara da ita) da wayoyi, da mutum biyu ko uku da aiki ya yi wa yawa. Nan ne ƙofa ta fi buɗuwa. Sai dai ka sani, aikin irin waɗannan wurare riƙe abin da aka riga aka gina ne kada ya faɗi, ba ƙirƙiro sabo ba. A makaranta ana ba ka farin shafi ka rubuta naka. A wurin aiki manhajar da wani ya rubuta shekaru da suka wuce za a miƙo maka, shi kuwa ya daɗe da barin wurin, bai bar bayani ko layi ɗaya ba. To wannan za ka shirya wa.

Fara da netwok, domin shi ne ƙorafin da za a fi kawo maka: "babu intanet". Kada ka fara da kashe rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet, kana kunnawa. Bi daga ƙasa zuwa sama. Dubi fitilar ramin kebul, tana ci? In tana ci, buga ipconfig a Windows ko ip addr a Linux. In adireshin ya fara da 169.254, kwamfutar ta nemi adireshi daga DHCP, tsarin da ke raba wa na'urori adireshi, ba ta samu ba, sai ta ba kanta. Matsalar tana tsakaninta da rauta, ba a wajen kamfanin intanet ba. In adireshin daidai ne, kamar 192.168 da sauransu, yi ping, wato aika saƙon gwaji, zuwa rautar, sannan zuwa 8.8.8.8, wani adireshi da ke can a intanet. Lamba ta amsa amma sunan shafi ya ƙi buɗewa? Matsalar DNS ce, tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa lamba. Wannan jerin ba ya cin minti 5, kuma yana raba wanda ya san abin da yake yi da mai lalube.

Ka koyi matse kan kebul da hannunka. A tsarin T568B launukan suna bin juna haka: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Kebul na Cat5e ko Cat6 iyakarsa mita 100, da gajerun wayoyin da ke ƙarshensa duka. Ga wani abin da ke rikita sababbi: gudun megabit 100 waya huɗu kawai yake amfani da su, ta 1 da 2 da 3 da 6, gigabit kuwa sai duka takwas. Saboda haka in waya ɗaya daga sauran huɗun ba ta matsu ba, haɗin zai yi aiki, amma ya sauko 100, a yi ta zargin kwamfutar da nauyi alhali laifin kan kebul ne. Na'urar gwajin kebul tana nuna wannan nan take.

Sai rumbun bayanai. Kowace ma'aikata da na lissafa tana da shi, kuma kowane shugaba yana son rahoto daga cikinsa. Ka iya SELECT da JOIN da GROUP BY har ka daina duba littafi, a PostgreSQL ko MySQL, duk wanda ka samu. Kuskuren da ke kawo ƙarshen horon ɗalibi da wuri shi ne UPDATE ko DELETE ba tare da WHERE ba: layi ɗaya ka yi niyyar gyarawa, ka canza teburin gaba ɗaya. Maganinsa ɗabi'a ce. Rubuta sharaɗin da SELECT tukuna, ka ga layi nawa ya fito. Sannan buga BEGIN, yi gyaran, duba adadin layukan da aka taɓa. In ya yi daidai COMMIT, in ba haka ba ROLLBACK. Kuma kafin ka taɓa bayanan gaske, tambayi yaushe aka ɗauki kwafin ajiya na ƙarshe, sannan ka ƙara da tambayar da ta fi muhimmanci: yaushe aka taɓa gwada dawo da shi? Kwafin da ba a taɓa buɗewa ba zato ne kawai. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kwafi 3, a kan ma'aji iri 2, ɗaya a wajen ginin.

Kada ka raina Excel, ko da yake ɗaliban kwamfuta suna yi masa kallon hadarin kaji. Yawancin bayanan da za a ce ka shigar rumbu daga can za su fito. Yana cinye sifilin farkon lambar waya, kuma duk lambar da ta wuce alƙaluma 15 yana mayar da sauran sifili, in an adana a haka ba ta dawowa. Sa ginshiƙin ya zama na rubutu kafin ka shigo da fayil ɗin.

Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen kodi, ita ma dole ce: reshe, commit, haɗewa, warware karo. Abu ɗaya zan ja maka kunne a kai. In ka tura kalmar sirri ko mabuɗin API (lambar sirrin da manhaja ke shiga wata da ita) zuwa GitHub, goge fayil ɗin daga baya ba ya cire shi, yana nan a tarihi. A soke mabuɗin a fitar da sabo, sannan a sa fayil ɗin .env, inda ake ajiye irin waɗannan sirrin, cikin .gitignore, jerin abin da Git zai tsallake, tun ranar farko.

Game da neman wurin, fara wata 3 ko 4 kafin lokaci. Takardar da aka ajiye a ƙofar ma'aikata takan kwana a nan; nemi sunan wanda ke shugabantar sashen kwamfuta, ta hanyar malamanku ko ɗaliban da suka gabace ku, ka rubuta masa shi. CV shafi ɗaya ya isa. Jera harsuna goma ba ya burge kowa, don an san ba ka iya goma ba. Aiki ɗaya da ke gudana ya fi, gani ya kori ji: ƙaramar manhajar rajista ko lissafin kaya mai shafin shiga, kalmomin sirri a ɓoye da bcrypt, tambayoyin rumbu da aka kare daga cusa SQL, da fayil na README da zai sa baƙo ya tayar da ita ba tare da ya kira ka ba.

In an kira ka ganawa, kai ma ka yi tambaya. Wa zai duba aikina? Me ɗalibin da ya gabace ni ya yi? In amsar ita ce buga takardu da ɗaukar hoton fayiloli, nemi wani wuri matuƙar kana da zaɓi. Ƙaramin ofis mai ƙwararre ɗaya da zai karanta kodinka ya gyara ya fi babban suna da za a ajiye ka a kusurwa.

Akwai kuma na nesa da ake yi daga gida. Google Summer of Code tun 2005 yake gudana, ana haɗa sababbi da masu kula da manhajojin da kodinsu a buɗe yake, ana biya, neman shiga yakan kama wajen Maris zuwa Afrilu. Outreachy, wani shiri irin wannan, na wata 3 ne, zagaye biyu a shekara, ɗaya daga Mayu, ɗaya daga Disamba. A duka biyun, wanda ya riga ya tura gyara aka karɓa ya fi samun dama, don haka nemi matsalolin da aka yi wa alamar good first issue ka fara da su. Amma ka tambayi sashenku ko suna ƙirga irin wannan a matsayin horo, domin wasu makarantu sai da wurin da mai duba ɗalibai zai iya ziyarta.

In ka fara, riƙe littafi na kanka ban da wanda makaranta ta ba ka. Kowace matsala layi uku: abin da aka gani, abin da ya jawo ta, abin da ya gyara ta. In ka maƙale, ba kanka kamar minti 30, sannan ka je wurin mai kula da kai da saƙon kuskuren yadda ya fito da jerin abin da ka gwada. Bayanan marasa lafiya ko na abokan ciniki kuwa ba sa hawa filashinka, ba sa shiga rahoton da za ka kai makaranta, ko hoton allo ne sai ka rufe sunaye da lambobi. Kafin makonka na ƙarshe, karɓi wasiƙar shaida da ta ambaci ainihin ayyukan da ka yi, tun mai sa hannun yana ganinka kullum.