Eh ƙanwata, haka ɗokin sabon labari yake

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce kwana uku kenan wani labari ya shigo miki kai har barci ya gagara, kina tambaya wai haka kowa ke ji ne, kuma ko ki fara sakin shafukan yanzu tunda zafin abin yana jikinki. To wallahi haka ne, ni yanzu littafina na bakwai nake kai amma har gobe in sabo ya zo min sai na ji kamar an min albishir da kujerar Makka.

Wanda na fi so cikin littattafaina a adaidaita sahu ya same ni, na taso daga Kantin Kwari, wata mata kusa da ni tana waya tana riƙe da leda da takalmin jariri a ciki, sai kawai na ji ta ce "ki gaya masa takalman ne kaɗai na ɗauko". Shikenan fa, ta sauka a hanya ban ma ga fuskarta da kyau ba saboda niƙabi, amma kafin na isa gida na san sunanta a labarina, na san unguwarsu, na san wanda ya ɓata mata. Waya ba caji, ba wuta, sai littafin makarantar yarinyata na jawo na yagi tsakiya na hau rubutu ga tukunyar tuwo a kan wuta. Ranar sunaye nake ta kira a fili ina jin wanda zai zauna a baki, har Abban yara ya leƙo yana tambaya wa nake kira. Irin wannan daɗin ba na jin akwai kuɗin da ke siyansa, mutanen da babu su jiya yau ga su suna magana a kunnenki, kina wanke-wanke kina jin faɗansu.

Amma maganar sakin shafukan, dan Allah ki dakata. Na taɓa yi a littafina na uku, daren da labarin ya zo daren na yi taifin na tura WhatsApp da Wattpad, manhajar da marubuta ke sa labaransu a karanta, sharhi ya dinga shigowa, Anti ci gaba, Anti muna jira, ni kuma ina ta ƙara wuta kullum shafi ɗaya. Wajen shafi na 20 zumuɗin ya lafa, sai na tarar ni kaina ban san takamaiman dalilin da ya sa jarumar ta bar gidan mijinta ba, kuma abin da ya fita ya fita, an riga an tura shi ko'ina ba halin gyara. Ga masu karatu kowa da inda yake ja, wannan ta ce a kashe kishiyar wancan ya ce a maida auren. Na ƙarasa shi dai saboda alƙawari, amma da ƙyar, kuma har yau ina jin ciwon yadda labarin ya tashi daga hannuna.

Iyayenmu a harkar, marubutan wajejen 1990, a takarda suke cika littafi na ɗaya sannan a kai bugu a shigar da shi kasuwar Sabon Gari, suna da lokacin da za su sake dubawa. Mu waya ta ɗauke mana wannan jiran, sai dai mutum ya ƙirƙirar wa kansa.

Don haka ki yi ta rubutu yanzu, kar ki tsaya gyaran ƙa'ida ko neman suna mai daɗi, in hannu ya gaji ki ɗauki muryarki a waya. Ki tara ko shafi 15 ne, ki ajiye sati guda ba ki buɗe ba. In kin dawo kin ji jarumar tana nan tana miki magana, kuma kin san abin da take nema da inda za ta ƙare ko da a dishi-dishi ne, to bismillah ki saki. Kuma wannan wurin da ya hana ki barci shi za ki fara rubutawa yau da daddare ko da a tsakiyar labarin yake, farkon zai same shi daga baya. In kin tara ki min magana ta gefe in duba miki, in sha Allahu.